Ɗan Ƙauyenmu Ne

Assalamu alaikum Edita, tare da duk mai karanta wannan shafi. Lokacin da abin da zan ba ku labari ya same ni, ni mai suyar masa ce a wata unguwa cikin garin Azare, ina aurena na biyu, kuma duk wanda ya san ni zai gaya muku ba a ja da ni a magana. In mai saye ya ce masata ta yi ƙanana, kafin ya rufe baki na ba shi amsar da za ta sa duk masu jira su kwashe da dariya. Maigidana yakan ce da surutu ake sayarwa, da tuni mun gina bene. Amma duk bakin nan nawa, akwai suna ɗaya a duniya da ban taɓa furtawa ba, shi ne sunan ɗana na fari. A nan ma ba zan rubuta shi ba, kamar yadda ba zan ambaci sunan kowa ba, sai dai wannan karon ba kunya ce ta hana ni ba, sirrin yaron nake rufewa.

Ni mutuniyar wani ƙauye ce kusa da Disina, gidanmu rabin magana Fulatanci rabi Hausa. Mijina na fari ya rasu yaron yana rarrafe. Sunan mahaifin mijin aka sa masa, wato surukina, kun ga kunya ta zama biyu: ga ta ɗan fari, ga ta suruki. Ana yaye shi mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta ɗauke shi, kamar yadda aka saba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita za ta fara tashi ba. Ni kuwa na riƙe abin nan da ƙarfi, har ana misali da ni. Allah Ya sani ina son yaron nan kamar raina. Nakan laɓe bayan zana in yi ta kallonsa yana korar kaji, in ya juyo in yi kamar tsintsiya nake nema. In baƙuwa ta zo ta tambayi ɗan wane ne wannan, sai in kawar da kai in ce ɗan maƙwabta ne. Nan take Inna za ta bushe da dariya ta ce a rabu da ni, nawa ne, shi ne na fari. Sai a yi ta yi mini tsiya, yaron ya ruga ya faɗa jikin kakarsa yana murna. Haka muke yi kullum, ni in ɓoye, Inna ta buɗe, ban taɓa zama na lura cewa aikin na mutum biyu ba ne.

Da na yi aure a Azare na bar shi wurin Inna, sai da salla nake ganinsa. Yana kusan shekara goma sha ɗaya Allah Ya yi wa Inna rasuwa, baffansa, yayan mahaifinsa, ya ɗauke shi. Ba zan yi wa baffan nan ƙarya ba, bai zalunce shi ba, gida ne dai mai yawan yara da aikin gona, ba mai lokacin zama ya yi hira da maraya. Na so in ce a ba ni shi, amma ina zan kai bakin? Mace ta buɗe baki ta nemi ɗanta na fari, ai sai a yi ta yi da ita har jikokinta. Na zauna ina jiran maigidana ya kawo maganar, ashe shi ma jira yake in nuna ina so. Muka yi ta jiran juna, kowa yana ganin kara yake yi wa ɗan'uwansa.

Ranar sunan 'yata ta Azare abin ya faru. Gida ya cika da dangin maigida da suka zo daga garin Katagum, yawancinsu ba su san na taɓa haihuwa ba. Ina zaune a ɗaka da jaririya a cinya, da rana tsaka, sai na ga mutum tsaye a bakin ƙofa, ƙafafunsa futu-futu, rigar da na aika masa tun wata salla ta ɗage masa. Wallahi sai da na ji nono ya zubo mini. Yana ta murmushi, yana leƙen jaririyar. Sai wata dattijuwa cikin dangin maigida ta tambaye ni wannan kuma ɗan wane ne. Ni kuma bakina ya yi abin da ya saba, na dubi bango na ce mata ɗan ƙauyenmu ne. Na ɗan karkata kai ina jiran dariyar da takan biyo baya, ina jiran a ce a rabu da ni, nawa ne. Shiru. Mai faɗar hakan tana kabari, a ɗakin kuwa babu ko mutum ɗaya daga gidanmu. Dattijuwar ta ce ayyo, a zuba wa baƙo abinci, aka ci gaba da hira. Na sa wata yarinya a asirce ta ƙara masa nama, ina ganin na yi masa gata. Ya ci a zaure, da na aika a kira shi bayan la'asar aka ce ya tafi. Na ɗauka da mutanen baffansa ya zo, sun koma tare.

Ashe shi kaɗai ya hau motar 'yan kasuwa ya zo, bai gaya wa kowa ba sai wani ɗan baffan nasa. Can gida suna cewa yana wurin uwarsa, ni nan ina cewa yana wurin baffansa. Sai da baffan ya shigo Azare cin kasuwa bayan na yi arba'in, ya biyo mu gaisa, ya tambaye ni ko yaron ya saba da birni. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Daga ranar aka shiga nema. Maigidana ya bar rumfarsa ya je Misau, ya je Hardawa, ya je Jama'are da Potiskum, aka kai cigiya gidan rediyo, aka gaya wa 'yan sanda, aka leƙa asibitoci. Ku ji wani abin takaici: ko wajen ba da cigiyar nan ban iya faɗar sunan ba, maigidana ne ya faɗa ina tsaye a bayansa. Nakan zauna bakin tanda hawaye na zuba, in mai saye ya yi magana in ce hayaƙi ne, icen bana ɗanye ne. Mata suna ta yaba mini, wai ba su taɓa ganin mai kawaici irina ba, ɗa ya ɓace amma ko a fuska. Duk wadda ta yaba mini sai in ji kamar ta ɗiga mini mai mai zafi a hannu. A haka damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, har mutane suka daina tambaya.

A can gefen gari akwai wata Hajiya, tsohuwar shugabar makarantar firamare, wadda bayan ta yi ritaya ta mayar da gidan da mijinta ya bar mata wurin riƙon marayu da yaran da ke kwana a tasha da kasuwa. Tana ba su wurin kwana, ta sa su makaranta, da yamma kuma su yi waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Wannan na ƙarshen shi ne ya tsone wa mutane ido, ni ma ina cikin masu surutun. Na sha cewa a bakin tandata, yaron da ba shi da uwa ba shi da uba, maimakon a koya masa sana'a sai a ba shi ganga, gobe gangar zai ci? Wata rana Hajiyar ta aiko a tambaye ni ko zan soya musu masa, za su yi wasan ƙarshen shekara a filin wata firamare. Na ce ciniki ai ciniki ne. Na ɗauki ƙulluna da tandata na kafa murhu a bayan wani aji, inda ba na ganin filin, sai dai ina jin lasifika. An yi waƙe-waƙe, an yi kiɗa, ni dai ina ta juya masa ban kula ba.

Can sai na ji muryar Inna. Jama'a, ba kama nake cewa ba, muryar Inna ce ta fito daga lasifikar nan. Ga ɗan tarin da take yi kafin ta yi salati, ga yadda take kiran kaji da harshe, ga yadda take fara magana da Hausa ta ƙarasa da Fulatanci in ranta ya ɓaci. Tana tsokanar jikanta, wai maigidanta marowaci ne, ya fita tun safe ya dawo ko gishiri bai kawo ba, ita kam gobe za ta tafi gidansu. Filin ya kaure da dariya, ni kuwa tsigar jikina ta tashi, cokalin juyi yana hannuna na kasa motsi. An binne matar nan, na ga an fita da ita, amma ga ta tana magana a Azare. Ƙaurin masa ne ya dawo da ni, duk ta ƙone ƙurmus a tanda. Na bar ta a kan wuta na zagayo, ina ture mutane ban san ina yi ba.

A tsakiyar fili na ga wani dogon yaro ya ɗaura zane, ya shafa toka a fuska, ya ranƙwafa yana dogara sanda, wani ƙaramin yaro yana yin jikan. Fuskar ba ta ganuwa sosai, amma ba na bukatar ganinta. Da wasan ya kai inda tsohuwa za ta rasu, bai faɗi ba, bai yi kakari ba. Ɗankwalin kawai ya kwance a hankali, ya ninke, ya ajiye a kan tabarma, ya miƙe tsaye. Ba wanda aka yi wa bayani, amma filin nan ya yi tsit, na ji wata mata a kusa da ni tana shassheƙa. Sannan ya ɗauki wani ɗankwalin ya ɗaura, ya turo shi gefen hagu yadda nake yi, ya zauna ya miƙe ƙafa, ya rungume ƙunshin tsumma a cinya. Ikon Allah! Ni ce. Har murza kunnen da nake yi in na ji kunya, wanda ni kaina ban san ina yi ba sai ranar. Ƙaramin yaron ya zo ya tsaya yana murmushi, wata yarinya da ta yi shigar dattijuwa ta tambaya ɗan wane ne, sai na ji muryata ta ce ɗan ƙauyenmu ne. Abin da ya fi girgiza ni shi ne abin da ya biyo baya. Ya dubi gefe ya ɗan karkata kai, ya tsaya a haka. Jiran nan da na yi na dariyar Inna, ya gan shi, ya riƙe shi tsawon shekarun nan bai rage komai ba, alhali bai san abin da nake jira ba. Ban taɓa sanin Allah Yana ba ɗan Adam ido da kunne irin wannan ba, kuma wai daga cikina ya fito.

A nan malamin da ke koya musu wasan ya shigo fili ya tsayar da komai. Ashe haka suke yi: in wasa ya kai inda abu ya lalace, sai a tsaya a tambayi 'yan kallo yadda ya kamata a yi, wanda yake da gyara ya fito ya karɓi ɗankwali ko hular mai wasan, ya yi yadda yake gani. Ranar na ji abin da ban taɓa ji ba. Wani ya ce matar nan ba ta da imani, wata ta ce mijin take tsoro, wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce alkunya ce, su yaran yanzu ba su san komai ba. Wani saurayi ya fito ya ɗaura ɗankwalin ya rungume ƙaramin yaron, aka yi ta tafi da dariya. Ni ina tsaye a cikinsu da ƙaurin masa a jikina, ba wanda ya san da ni ake.

Da aka watse na sami Hajiya na durƙusa, na nuna mata yaron. Ta ja ni cikin wani aji ta rufe ƙofa, ta saurare ni har na gama. Ita ta ba ni labarin yadda aka same shi. Duk neman da muka yi har Potiskum, yaron yana babbar tashar Azare, ya canza suna, yana kwana ƙarƙashin teburan masu shayi. Da kwaikwayon direbobi da 'yan kamasho yake ci, ya sa su dariya su ba shi ragowar abinci. Malamin wasan, wani Kirista ne mutumin kudancin Bauchi da ke aiki a sakatariya, shi ya fara jin sa. Wai ya zo wucewa ya ji mutum uku suna faɗa a bayan mota, ya zagaya zai raba, ya tarar da yaro ɗaya. Hajiya ta ce su ba sa jan yaro da ƙarfi, sun dai nuna masa gida, ya zo ya ci ya yi wanka ya koma tasha, ya daɗe yana haka kafin wata rana ya kwana. Ya gaya musu ba shi da uwa ba shi da uba. Ta aika aka kira shi. Ya shigo ya wanke fuska, ya yi tsawo, kamannin mahaifinsa sun fito sak. Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi. Hajiya ta tambaye shi ko ya san ni, ya ce e ya san ni, 'yar ƙauyensu ce. Ya nemi izini ya fita, wai za su kwashe kujeru.

Washegari maigidana da baffansa suka je za su taho da shi, Hajiya ta hana. Ta ce hukuma ta san da zamansa a hannunta, kuma yaro ba akuya ba ne da za a zo da igiya, ranar da ya ce zai bi mu ita da kanta za ta rako shi. Na ji haushinta ƙwarai, har na fara sakin baki, na ce daga ba yaro tuwo sai ta zama uwarsa? Ta ce dai ƙofa a buɗe take in ina son zuwa. Sai na koma zuwa duk Juma'a ina soya wa yaran masa, don in riƙa ganinsa. A nan na haɗiye duk surutun da na yi a kan gidan. Na ga wata yarinya da aka tsinta a kasuwa ba ta magana da kowa, amma in aka buga jarkar da suka mayar ganga sai ta shiga tsakiya ta yi rawa, daga rawar ta fara amsa waƙa, daga waƙar ta fara gaisuwa. Na ga yaran da suka saba dambe a kan loma suna jiran juna a kan layin wasa, don in ɗaya bai yi shiru ba ɗayan ba zai yi magana ba. Na ga malamin nan in an kira salla shi yake tsayar da wasa ya kora su alwala, ya zauna a dakali yana gyara musu ganga har su idar. Hajiya kuwa ta san wanda ba ya cin kuka, ta san wanda ke firgita in an ɗaga murya, ta san wanda aka bari a baya a lissafi. Nakan zauna bakin tanda in yi ta kallonsu ina cewa a raina, ashe akwai irin mutanen nan a garin nan ina zaune ina zaginsu.

Nawa kuwa yakan zo ya karɓi masarsa da hannu biyu, ya yi godiya kamar yadda ake yi wa baƙuwa, ya koma. Ina zaɓar masa waɗanda suka fi kyau yana gani. Na yi wa Hajiya bayanin kunyar ɗan fari, na roƙe ta ta fahimtar da shi. Ta ce ta sani, ita ma ta yi wa nata, kuma ta riga ta zaunar da shi ta yi masa bayanin tun ranar farko. Na tambaye ta me ya ce. Ta ce cewa ya yi ya gane, Allah Ya saka da alheri, ya tashi. Na ce to yanzu me zan yi? Ta ce ita dai ta yi nata. Na koma gida ina jin tsoron da ya fi na lokacin ɓatansa, domin a da ban san inda yake ba, yanzu kuwa ga shi a gabana ina gani zai girma ya tafi a matsayin maraya, ni ina raye.

Ana nan aka gayyace su su kai wasan garin Katagum, garin su maigidana. Hajiya ta ce in zo in soya masa, maigida ya ce shi ma zai je ya gaida gida. Aka yi a wani fili da yamma, na kafa tandata ƙarƙashin darbejiya, wannan karon ina ganin komai. Dangin maigida sun cika tabarmar gaba, surukaina mata da goggonninsa. Aka yi Inna, aka ninke ɗankwali, aka yi ni, aka zo kan maganar nan, ya karkata kai yana jira. Malamin ya shigo ya tambaya ko akwai mai gyara. Har yau ban san abin da ya ɗaga ni ba. Na dai ga kaina ina tafiya cikin fili, hannuna duk mai. Mutane suka fara shewa, wai mai masa za ta yi wasa. Na hangi wata surukata ta riƙe haɓa. Malamin ya dubi Hajiya, ta gyaɗa masa kai. Yaron ya kwance ɗankwalin ya miƙo mini bai dube ni ba, ya ja gefe ya tsaya da sauran toka a fuskarsa.

Na ɗora ɗankwalin a kan mayafina na zauna, aka ba ni ƙunshin tsumman. Ƙaramin yaron ya zo ya tsaya a gabana yana murmushi, yarinyar ta tambaye ni wannan kuma ɗan wane ne. Ban dubi ƙaramin ba. Na juya wajen dogon da ke tsaye a gefe, na nuna shi, na ce nawa ne, ɗana ne na fari, ni na haife shi. Sannan na kira sunan. Wallahi kamar na ɗauke turmi da harshe, ya fito a karkace, ban yi zaton ya wuce tabarmar da nake kai ba. 'Yan kallo suka ɗauka na rikice ne, suka yi ta dariya suna nuna mini ƙaramin, wai ga yaron can, ke mai masa, ba wannan ba. Shi kuwa bai motsa ba. Ya dube ni, karon farko ido cikin ido tun ranar sunan nan, ya ce in maimaita, bai ji ba. Ya ji sarai, na ga ƙirjinsa yana hawa da sauka. Malamin ya tako ya kawo abin magana daidai bakina. Na dubi surukaina, na dubi maigidana a bayan maza, na cika ƙirji na kira sunan nan, sunan surukina, sunan ɗana, lasifika ta watsa shi har bayan gari. Ya ce na'am. Sai ya zube a ƙasa ya fashe da kuka irin na ƙaramin yaro, na rarrafa na riƙe kansa. Dariyar ta riƙa mutuwa daga gaba zuwa baya, har na ji wata goggon maigida ta rafka salati. Ba wanda ya tafa, kuma malamin bai ci gaba da wasan ba.

Kada ku ɗauka daga nan ya tattara kayansa ya biyo ni. Har yanzu yana gidan Hajiya, ya ce sai ya gama makaranta, kuma ƙananan suna bukatarsa a wasa. Ranar Asabar yake zuwa ya wuni, ya goya ƙanwarsa, ya kwaikwayi maigidana a gabansa har ya sa shi tari don dariya. Ban yi gardama ba, mutanen da suka ɗauke shi daga ƙarƙashin tebur sun fi ni haƙƙin a saurare su. A ƙauyenmu labari ya kai, wata goggona ta daɗe ba ta amsa gaisuwata, wai na zubar da mutuncin gida a gaban surukai. Ban ji zafinta ba, abin da aka koya mata take karewa. Abin da ke hana ni sukuni daban ne. Yaron nan ya sa Inna a wasa, ya sa ni, ya sa 'yan kamasho, amma akwai abubuwan da suka same shi a tashar nan da har yau bai sa a wasa ba, bai gaya wa kowa ba. Akwai tabo a bayansa da ban san shi da shi ba. Hajiya ta ce kada in tambaya, ban tambaya ba.

Abin da na koya, ban ce kunya mugun abu ba ce, da ita aka rene mu kuma tana da kyanta. Amma kunyar ɗan fari ana yin ta ne a gidan da akwai kaka ko goggo da za ta faɗa wa yaro abin da uwarsa ta ɓoye. Yanzu gidaje sun watse, tsofaffi suna tafiya, yaro yana jin abin da bakinki ya faɗa ne kawai, ba ya ganin naman da kika sa aka ƙara masa a ɓoye. Masu zagin gidajen da ke riƙon yaran nan, wai rawa da ganga ake koya musu, ku je ku zauna ku gani kafin ku yi magana, ni na yi zagin kuma a wurinsu na sami ɗana da ransa da hankalinsa. Ba duk yaron da kuka gani yana kwana a tasha ne iyayensa suka mutu ba, wani kalma ɗaya ce ta kai shi can. 'Yar'uwata mai ɗan fari, in babu mai faɗa a madadinki, ki faɗa da bakinki. Ki ja shi ɗaka yau, daga ke sai shi, ki kira sunansa a hankali, ba mai ji. Ni da na tsaya jira, a lasifika na kira nawa.